Yadda A Ke Yin Kilishi a Gida

Nama abinci ne mai daraja, amma ba shi da haƙuri. Gero da dawa su kan shekara a rumbu ba abin da ya same su. Nama kuwa, in an yanka sa da safe cikin bazara, aka bar tsokar ɗanya a ɗaki, kafin gari ya sāke wayewa ta soma wari. Saboda haka tun zamanin kakanni mutane ke neman dabarar da za su tsare shi. Waɗansu su soya shi cikin kitsensa, waɗansu su yi banda, waɗansu su yi dambu. A cikin dabarun nan duka babu wadda ta yi suna kamar kilishi, domin ba shi da nauyi, ya kan yi watanni bai ɓaci ba, ga shi kuma da daɗi. Shi ya sa ya zama guzurin matafiya, ya kuma zama tsarabar da ba a rainawa. A Kano unguwar Agadasawa ta shahara da shi, a ƙasar Nijar kuwa a kan yabi na Madawa da na Tasawa.

Yawancin mutane sun ɗauka kilishi sai mahauta. Gaskiya ne gwanintar wuƙa tasu ce, amma sauran aikin ba wanda ya fi ƙarfin magidanci. Ran da ka sami nama fiye da abin da gidanka zai cinye, ko na watanda, ko na layya, ko na suna, in ka iya wannan aiki ba za ka tsaya kana kallon dukiyarka tana ruɓewa ba.

Me ke ɓata nama?

Kafin mu ɗauki wuƙa ya kamata mu san abokin gāba, gama wanda ya san dalilin aiki ya fi wanda ke kwaikwayo kawai.

A cikin iska, da ƙasa, da ruwa, da jikin hannunka, akwai waɗansu halittu ƙanana ƙwarai waɗanda ido ba ya iya gani. Wani mutumin ƙasar Holan mai suna Leeuwenhoek shi ya fara ganinsu a 1676, da wani madubi mai girmama abu da ya ƙera da kansa. Bayan kusan shekara 200 wani masani na Faransa, Louis Pasteur, ya nuna cewa su ne ke sa abinci ya yi tsami ko ya ruɓe. Waɗansunsu ɓata abinci kaɗai su ke yi, waɗansu kuwa su ke kawo gudawa da amai da zazzaɓi. Su ne a ke kira ƙwayoyin cuta.

Yadda su ke yaɗuwa abin mamaki ne. In ƙwaya ɗaya ta sami abinci da ɗumi da laima, ta kan rabu biyu cikin minti 20. Biyun nan su zama huɗu, huɗu su zama takwas. In ka bi lissafin za ka ga cikin sa'a 7 ƙwaya ɗaya ta haifi fiye da miliyan 2. To, ɗanyen nama ya tara musu duk abin da su ke so. Ɗumi ga shi a ƙasarmu ba sai an nema ba. Laima kuwa, ko da ya ke ba ka ganinta, kashi uku cikin huɗu na tsoka ruwa ne. Watau in ka sayi kilo 4 na tsoka zalla, wajen kilo 3 ruwa ka saya.

Ga asirin kilishi ke nan. Ƙwayoyin nan ba su iya ci ko haifuwa sai da ruwa. In ka fitar da ruwan daga cikin nama da sauri, kafin su yi yawa, ka ɗaure musu hannu. Rana da iska su ke fitar da shi, gishiri yana taimakonsu, wuta kuma ta kashe abin da ya saura.

Akwai masu cewa yaji ne ke hana kilishi lalacewa. Wannan magana ba ta da ƙarfi. Kanumfari da tafarnuwa suna ɗan rage ƙarfin waɗansu ƙwayoyi, amma ba su isa su tsare nama ba. Ka zuba wa ɗanyen nama barkono mudu guda ka rufe shi a kwano, jibi za ka tarar ya ruɓe. Abin da ya fi muni ma, yaji mai yawa ya kan ɓoye warin naman da ya riga ya ɓaci, mutum ya ci bai sani ba. Yaji don baki a ke sa shi, bushewa ita ce maganin.

Ba mu kaɗai muka gane haka ba. Mutanen Sudan da Cadi suna da sharmut, na Afirka ta Kudu suna da biltong, mutanen duwatsun Amurka ta Kudu kuma suna da nasu da su ke kira carki. Duk hanya ɗaya ce, sai dai kayan ɗanɗano su bambanta.

Zaɓen nama

Ka sayi naman da aka yanka ran nan, daga dabba mai lafiya, a wurin mahaucin da ka amince da shi. Naman kwata inda ma'aikatan lafiyar dabbobi ke dubawa ya fi kwanciyar rai. Kada araha ta ruɗe ka ka sayi naman saniyar da aka yi gaggawar yankawa don ta tasam ma mutuwa. Akwai wata cuta da ke kashe shanu farat ɗaya, saifarsu ta kumbura, baƙin jini ya riƙa fitowa ta hanci da dubura. Tana kama mutum ko ta wurin fiɗa ma, kuma irinta ba ya mutuwa da rana ko gishiri. An tabbatar da ɓullarta a wata gona a Suleja a 2023. Dabbar da ta yi irin wannan mutuwa ba a feɗe ta, sai a kira ma'aikatan dabbobi.

Tsokar cinya ita ce ta kilishi, domin tana da girma, ga ƙarancin kitse da jijiya. Ka duba ta da kyau. In ka ga waɗansu ƙananan ƙulluttai farare a cikinta, masu kama da ƙwayar shinkafa, 'ya'yan tsila ne, ka mayar wa mai ita.

Sa'an nan ka zauna ka fere kitse da tantani da jijiya sarai. Kada ka ji tausayin kitsen nan, ka ajiye shi don miya. Kitse ba ya bushewa kamar tsoka. In ya daɗe iska tana bugunsa sai ya canja ɗanɗano ya yi ɗoyi, ya ɓata sauran. Dalilin ke nan da ya sa naman sa ya fi na rago dacewa da wannan aiki, ko da ya ke cinyar rago ma tana yi in an gyara ta.

Yanka

A nan gwani ke bambanta da ɗan koyo. In ka taɓa tsayawa wurin masu kilishi, ka ga yadda mutum zai ɗauki curin nama kamar dunƙulen hannu, ya sa wuƙa a gefensa, yana yanka yana juya shi, naman yana warwaruwa kamar a na kwance rawani, har ya zama falle guda mai tsawon kamu ko fiye. Wannan sai an shekara a na yi. Kai ba sai ka kai nan ba. Falle kamar tafin hannu ya ishe ka, gama ba girmansa ne abin nema ba, sirantarsa ce.

Ka wasa wuƙarka ta yi kaifi ƙwarai. Ka wanke hannu da sabulu, ka wanke katakon da za ka yanka a kai da ruwan zafi. Ka kwantar da wuƙa, ka bi tsawon zaren tsoka, ka yanka falle-falle yadda in ka ɗaga shi sama za ka ga hasken rana ta cikinsa. Kauri kada ya wuce na ƙwandala biyu in an haɗa su. In wani wuri ya yi kauri, ka daddanna shi da gefen wuƙa ko ka sāke raba shi. Wanda ke da firiji ya sa naman a ɗakin ƙanƙara kamar sa'a ɗaya ya ɗan yi tauri, zai ga yanka ya yi masa sauƙi.

Me ya sa a ke matsa wa sirantar nan haka? Domin ruwan da ke tsakiyar nama sai ya ratso zuwa waje kafin iska ta ɗauke shi. In falle ya yi kauri, bayansa ya bushe ya yi ɓawo, cikinsa kuwa yana nan da laima, ƙwayoyin cuta suna ta aikinsu a ɓoye. Irin wannan ne za ka ga kilishi kyakkyawa a ido, ka karya shi ka ji wari.

Ka yi yankan da sassafe, don naman ya sami ranar yini ɗungum.

Shanya ta fari

Mahauta su kan shimfiɗa naman a kan asabari ko gadon kara, a ɗaga shi bisa daga ƙasa. Hikimar abin ita ce iska ta bi ta sama ta bi ta ƙasa. Faranti ko kwanon rufi ba su kai wannan ba, don gefen da ke kwance ba ya shan iska. Ka shimfiɗa ko wane falle shi kaɗai, kada wani ya hau wani, a wurin da rana ke bugawa, nesa da bayan gida da turken dabbobi da kwatami.

Babban abokin gābarka a nan ƙuda ne. Daga kan ƙazanta ya ke tashi ya sauka a kan namanka, da ƙwayoyin atuni da na gudawa a ƙafafunsa, wani kuma ya yi ƙwai a kai, gobe ka ga tsutsa. Tsohon gidan sauro wankakke ya ishe ka maganinsa. Ka kafa sanduna huɗu ka yafa shi, yadda ba zai taɓa naman ba. Zai kuma rage maka ƙura, ya hana shirwa da kaji. Abin takaici ne a ce har yanzu a kan ga kilishi a shanye a bakin hanya, ba rufi, mota tana tayar masa da ƙura.

In gefe ɗaya ya bushe sai ka ɓamɓare a hankali ka juya. A ranar bazara ko iskar hunturu, falle mai siranta ya kan bushe cikin yini ɗaya, wani lokaci ma kafin la'asar. Alamarsa ita ce ya yi duhu, ya yi tauri kamar ƙirgi, ba ya manne wa yatsa. In rana ta faɗi bai gama ba, ka shigar da shi rumfa inda iska ke ratsawa, kada raɓa ta sauka masa. Da damina kuwa iska cike ta ke da laima, nama ya kan ɓaci kafin ya bushe. Wanda ya matsu ya yi a lokacin sai ya busar da shi bisa garwashi mai sanyin wuta, ko cikin murhun gashi mai ƙofa, a rage wuta ƙwarai a bar ƙofar a ɗan buɗe don tururi ya fita.

Labu

Labu shi ne kunun da a ke tsoma busasshen naman a ciki, kuma shi ne ran ɗanɗanon kilishi. Ginshiƙinsa tunkuza ce, watau gyaɗar da aka soya aka niƙa aka matse mai, kafin a mai da ita ƙuliƙuli. A kan fi son ta da gyaɗa mai cikakken mai saboda dalilin da muka faɗa game da kitse. In ba ka sami tunkuza ba, daka ƙuliƙuli ka tankaɗe.

A nan akwai wani haɗari da mutane da yawa ba su sani ba. Gyaɗar da aka ajiye da laima ta kan yi hunhuna, hunhunar nan kuwa tana fitar da wani dafi mai cin hanta a hankali, har ya kai ga ciwon daji. An gano shi a 1960, sa'ad da talotalo wajen 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci abincin da aka haɗa da garin gyaɗar da aka kawo daga Birazil. Dafin nan wutar gashi ba ta kashe shi. Saboda haka in a gida za a yi tunkuzar, a tsince gyaɗar tukuna, a zubar da duk ƙwayar da ta yi baƙi, ko ta motse, ko ta yi ɗaci. In saye za ka yi, ka sansana, ka ɗanɗana.

Ga gwargwadon da zai ishi kilo ɗaya na ɗanyar tsoka. Tunkuza cikin gwangwanin madara 2. Albasa matsakaiciya 2, da tafarnuwa kamar ɓare 5, a jajjaga su su yi laushi. Dakakken barkono babban cokali 2, busasshiyar citta cokali 1, gishiri cokali 1. Masoro ƙaramin cokali, kanumfari kamar ƙwaya 10, kimba 2 ko 3, a daka su lilis. Waɗansu su kan ƙara ɗan sukari da dunƙulen ɗanɗanon miya. Mai son zafi ya ƙara barkono, amma ya yi hankali da kanumfari da kimba, don in sun yi yawa su kan kawo ɗaci, su danne sauran.

Barkono da gyaɗa, ko da ya ke yau sun zama 'yan gida, asalinsu baƙi ne. Daga ƙasashen Amurka su ke, ba su iso Afirka ba sai bayan tafiyar Kolumbus ta 1492. Masoro da kimba su ne 'yan ƙasa, da su a ke yaji tun kafin barkono ya zo.

Ka dama kayan nan duka da ruwan da aka tafasa ya huce, kana zubawa kaɗan-kaɗan, har ya yi kaurin kunun gyaɗa. In ya tsinke ba zai kama naman ba, in ya yi kauri da yawa zai yi dabe a kai, ya ƙi bushewa, ya riƙa zubewa bayan gashi. Ka ɗanɗana, gishiri ya ɗan fi na miya fitowa. Jan launin da ka ke gani a kilishin kasuwa garin rini ne na abinci a ke sawa, ba ya ƙara daɗi ko kaɗan. Wanda ba a sa masa ba shi a ke ce wa fari. A Nijar akwai na uku da a ke kira rumuzu, wanda ba a sa masa tunkuza, sai gishiri da yaji da ɗan mai. Labu ba ya kwana. Ka dama shi sa'ad da naman ya bushe, abin da ya ragu ka zuba a miyar ran nan.

Ka tsoma fallayen a ciki, su jiƙa kamar rabin sa'a zuwa sa'a ɗaya, har su yi laushi su sha yajin. Kada su wuce haka, gama ka mai da musu ruwan da ka sha wahalar fitarwa, ƙwayoyin cuta kuwa jira su ke. Ka tsamo su ɗaya-ɗaya, ka shafe labun da yatsu ya bazu daidai, ka mayar bisa asabari ƙarƙashin gidan sauro. Wannan shanya ta biyu ba ta kai ta fari daɗewa ba, sa'a kaɗan ne in da rana.

Wuta

Waɗansu suna tsammani gashin ƙarshe don ƙamshi kaɗai a ke yi. Ƙamshin yana nan, amma aikin wutar ya fi haka. Rana tana busar da nama ne, ba ta dafa shi. Waɗansu ƙwayoyin cuta su kan lafe cikin busasshen nama kamar yadda irin ciyawa ke lafewa cikin ƙasa da rani, in sun shiga cikin mutum su farfaɗo. Hukumar aikin gona ta Amurka ta ce naman sa da za a busar sai zafin cikinsa ya kai 71 a ma'aunin da ruwa ke tafasa a 100. An kuma gane cewa zafi ya fi saurin kashe ƙwayoyin nan in naman yana da ɗan sauran laima. Don haka kada ka jira ya bushe ƙarau. Da labun ya kama jiki, ya daina manne wa hannu, amma fallen yana lanƙwasuwa, lokacin gashi ya yi.

Ka hura gawayi ko itace mai kyau, ka bari harshen wuta ya mutu, saura jan garwashi. Kada ka kusanto da katako mai fenti, ko leda, ko roba, don hayaƙinsu dafi ne. Ka ɗora ragar waya kamar taƙi ɗaya bisa garwashin, ka shimfiɗa fallayen, kana juyawa a kai a kai, minti 5 zuwa 10. Za ka ga ɗan mai ya tsattsafo yana ƙyalli, ƙamshin gyaɗa ya tashi, ko ina a jikin fallen ya yi zafin da ba ka iya riƙe shi da hannu. Kada ka tafi ko ina, gama gyaɗa ba ta da wuyar ƙonewa, kuma ƙonannen labu ɗaci gare shi.

In ka sauke, ka baza shi a inuwa inda iska ke kaɗawa, a rufe da gidan sauron nan, ya huce sarai ya ƙarasa bushewa. In ka karya shi ya tsage, ba ka ga jan ɗanye ko laima a ciki ba, ya yi.

Ajiya

In ka auna abin da ka samu za ka ga kilo ɗayan nan, har da nauyin labu, ya komo wajen rabin kilo. Sauran ya bi iska. Wannan ne ya sa kilishin kirki ke da tsada, kuma in ka ga mai araha ƙwarai, ka duba ko labu aka lafta wa ɗan nama, ko kuwa ba a bari ya bushe ba don ya yi nauyi.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ƙulle kilishi cikin leda da sauran ɗuminsa. Tururi ya rasa hanyar fita, ya zama gumi a jikin ledar, ya koma cikin naman, bayan kwana kaɗan hunhuna ta fito. Sai ya huce tukuna. Sa'an nan ka naɗe shi a farar takarda mai tsabta. Jarida ba ta dace ba saboda tawada, takardar buhun siminti kuwa ta fi ta muni. Ka sa shi a gwangwani ko kwalba mai murfi, busasshiya, ka ajiye a wuri mai sanyi inda rana ba ta bugawa, ɓera da kiyashi kuma ba su kai. Da rani ya kan yi watanni haka. Da damina kuwa ka riƙa buɗewa ko wane mako kana dubawa. In ka ji ya soma laushi, ka mai da shi bisa garwashi minti kaɗan, ya huce, ka sāke rufewa. Wanda ka ga ya yi fari-fari ko kore-kore kamar auduga, ko ya canja wari, ka zubar da fallen duka, kada ka kankare ka ba yara.